Sauya babban allon kwamfuta: Dalilin da ya sa ake fara duba akwatin wuta

Tun daga ranar 14 ga Oktoba, 2025, lokacin da kamfanin Microsoft ya daina bai wa manhajar Windows 10 gyare-gyaren tsaro na yau da kullum, in ban da waɗanda suka shiga shirin ƙarin wa'adi, masu tsofaffin kwamfutocin tebur suka shiga lissafi. Windows 11 da ta gaje ta ba ta hawa kowace na'ura. A ka'ida tana buƙatar furosesar Intel ta zubi na takwas zuwa sama, ko makamanciyarta daga AMD, tare da guntun tsaro na TPM 2.0.

Sabuwar furosesa kuwa sau da yawa ba ta zama a kan tsohon allo. Don haka wanda ba shi da halin sayen sabuwar kwamfuta ɗungurungum, hanyar da ta rage masa ita ce ya sauya babban allon da ke cikinta, wanda masu gyara ke kira modabod, ya ci gaba da amfani da sauran kayan. Wasu kuma lalura ce ke tilasta musu, bayan an kawo wuta da ƙarfi ko tsawa ta faɗi, allon ya ƙone.

Lamarin ya shafi masu shagunan buga takardu, da ofisoshi, da makarantu, da cibiyoyin jarrabawa, waɗanda suka yawaita tun bayan da hukumar JAMB ta mayar da jarrabawar shiga manyan makarantu kacokan kan kwamfuta a 2015. A irin waɗannan wurare, kuskure ɗaya da aka yi a kan na'ura ɗaya ana iya maimaita shi a kan gommai.

A wajen wannan sauyi, hankalin mai saye yakan tafi kan ko allon zai ɗauki furosesa da RAM ɗinsa. Abin da ake bari sai ƙarshe, ko a manta da shi gaba ɗaya, shi ne akwatin ƙarfen nan mai fanka da ke kusurwar gidan kwamfuta, wanda a kasuwa ake kira fawa-fak. Alhali shi ne ɓangaren da ke iya lalata duk sauran a cikin ƙiftawar ido.

Aikin akwatin wuta

Wutar da ke fitowa daga soket a Najeriya mai ƙarfin bolt 230 ce, kuma tana kai da komowa sau 50 a kowace daƙiƙa. Bolt shi ne ma'aunin ƙarfin turin wuta, wanda ake rubutawa da harafin V. Babu wani abu a cikin kwamfuta da zai iya jure wannan wuta kai tsaye. Aikin akwatin shi ne ya mayar da ita miƙaƙƙiyar wuta mai tafiya hanya ɗaya, ya kuma raba ta gida-gida: bolt 12, bolt 5 da bolt 3.3.

A tsofaffin akwatuna launin waya yana faɗin abin da take ɗauke da shi. Ruwan ɗorawa bolt 12 ce, ja bolt 5, ruwan lemo bolt 3.3, baƙa kuma ita ce ta ƙasa da wuta ke komawa ta cikinta. Akwai waya mai ruwan shanshanbale da ke ɗauke da bolt 5 na jira, wadda ba ta mutuwa ko an kashe kwamfuta matuƙar tana jone da bango. Akwai koriya, wadda allo ke bi ya umarci akwatin ya tashi, sai kuma ruwan toka, wadda akwatin ke shaida wa allo cewa wuta ta daidaita, ya fara aiki.

Wannan tsari yana da asali. A 1995 ne kamfanin Intel ya fito da ƙa'idar ATX, wadda ta fayyace girman allo, da wurin ramukan noti, da abin da kowace ƙafar fulogi za ta ɗauka. Kafin nan ana amfani da tsarin AT mai fulogi biyu masu kama da juna, inda masu gyara suka haddace cewa dole baƙaƙen wayoyi su haɗu a tsakiya, domin wanda ya juya su ya gama da allon. ATX ta kawar da wannan haɗari, ta kuma sa akwatin wani kamfani yana aiki da allon wani. Sai dai ita kanta ta yi ta sauyawa, kuma ba kowane kamfani ne ya bi ta ba.

Daga ƙafa 20 zuwa 24

Babban fulogin ATX na farko mai ƙafa 20 ne. A 2003 aka ƙara masa huɗu ya zama 24, domin ramin PCI Express da ake sanya katin hoto yana iya jan wat 75 daga jikin allo. Tsohon fulogi mai ƙafa 20 yana shiga ramin 24 ya bar gurbi huɗu, kuma sau da yawa kwamfutar takan tashi. Amma nauyin da ya kamata a raba wa wayoyi da yawa ya koma kan kaɗan, idan aka ƙara katin hoto ƙafafun suna iya yin zafi har robar ta yi baƙi.

Fulogi na biyu shi ne na furosesa. Ya shigo ne a 2000, zamanin Pentium 4, da ƙafa huɗu: wayoyi biyu ruwan ɗorawa, biyu baƙaƙe. Allunan yanzu suna zuwa da rami mai ƙafa takwas, manya ma har da takwas biyu. Idan aka manta ba a jona shi ba, fanka za ta juya amma fuskar kwamfuta ba za ta nuna komai ba. Alluna masu lafiya da dama an mayar wa mai shago a kan cewa matattu ne saboda wannan mantuwa kawai.

A nan akwai tarko biyu. Na farko, yawancin fulogai masu ƙafa 24 suna rabuwa 20 da 4, kuma guntun nan mai huɗu yana kama da na furosesa. Ba shi ba ne, domin yana ɗauke da bolt 3.3 da 5 da 12 a haɗe. Na biyu ya fi haɗari: fulogin furosesa mai ƙafa takwas da na katin hoto mai ƙafa takwas kusan girmansu ɗaya, amma layin da ɗaya ke da bolt 12 a nan ɗayan yake da wayar ƙasa. An yanka bakinsu daban don kada su shiga ramin juna, sai dai roba ce, mai ƙarfin hannu yana iya danna ta. Hanyar gane su mai sauƙi ce: na furosesa yana rabuwa huɗu da huɗu, na katin hoto kuma shida da biyu.

Kwamfutocin ofis na hannu

Inda matsalar ta fi kamari a Najeriya shi ne wajen kwamfutocin ofis na hannu da ake shigowa da su daga Turai da Amurka, irin su Dell OptiPlex, da HP EliteDesk, da Lenovo ThinkCentre, waɗanda ake samu a Computer Village da ke Ikeja, da Banex Plaza a Abuja, da shagunan sauran manyan birane. Na'urori ne masu ƙarko, shi ya sa ake son su. Amma da yawa daga cikinsu ba su bi tsarin ATX ba.

A OptiPlex 3020 da 7020 da 9020, babban fulogin ƙafa takwas gare shi. A ThinkCentre M92p da M93p ƙafa 14 ne, wasu na baya kuma 10. HP ta yi amfani da mai ƙafa shida a jerin Compaq Elite da EliteDesk da dama. Bambancin bai tsaya a yawan ƙafafu ba. Waɗannan akwatuna bolt 12 kaɗai suke fitarwa, allon ne ke sauke ta zuwa 5 da 3.3 da kansa, shi ya sa a cikinsu wayar wutar faifan ajiya daga jikin allo take fitowa. A da yawa daga cikinsu ma wutar jira bolt 12 ce maimakon 5.

Ma'anar wannan ga mai son sauyi a fili take. Wanda ya cire allon OptiPlex 9020 ya sayo allo gama-gari na Asus ko Gigabyte ko MSI, tsohon akwatinsa ba shi da fulogi mai ƙafa 24, ba shi kuma da layukan bolt 5 da 3.3 da sabon allon ke jira. Dole ya sayi sabon akwati. Da ya sayo shi kuma zai iya tarar da cewa ba ya shiga gidan, domin akwatin ATX faɗinsa milimita 150 ne, tsayinsa 86, su kuwa siraran kwamfutocin ofis dogon akwati siriri suke ɗauka. Wayoyin maɓallin kunnawa da na ramukan USB na gaba su ma sau da yawa na kamfanin ne shi kaɗai. Abin da aka fara a matsayin sauya allo sai ya ƙare a sayen allo da akwati da gida, kuɗin da in da an lissafa tun farko wataƙila da an sayi wata kwamfutar ta hannu mai ɗaukar Windows 11 baki ɗaya.

Idan kuma manufar ita ce a farfaɗo da na'urar kawai, abin da ya fi dacewa shi ne a nemi allo irin wanda ya mutu sak. Sunan samfuri bai wadatar ba, domin OptiPlex 9020 kaɗai tana da babba da siririya da ƙarama, kowace da nata allo. Lambar da ke manne a jikin allon ake bi: Dell na rubuta DP/N, Lenovo na rubuta FRU, HP kuma tana da lambar kayan gyara tata.

Akwai kuma masu bin hanyar a juye, su sayi allon Dell ko HP saboda araha su ɗaura a gida gama-gari da akwati gama-gari. Ana sayar da adafta don haka, amma kowace an yi ta ne don wani samfuri, kuma wadda allonta ke son bolt 12 na jira dole ta zo da ɗan guntun da ke ɗaga bolt 5 zuwa 12. Adaftar HP ba ta Lenovo ba ce, ko da bakinta ya shiga.

Tarihi ya riga ya nuna illar dogaro da shigar fulogi. A ƙarshen shekarun 1990, Dell ta sayar da kwamfutoci masu fulogi mai ƙafa 20 wanda ido ba ya bambanta shi da na ATX, amma an sauya jerin wayoyinsa. Masu gyara da suka jona akwati gama-gari sun ƙona alluna, wasu har da akwatin. Kama da wane ba ta wane. Shi kansa Intel daga baya ya fitar da ƙa'idar ATX12VO mai ƙafa 10 wadda ita ma bolt 12 kaɗai take bayarwa, kuma jerin wayoyinta ba lallai ya zo ɗaya da na wani kamfani mai ƙafa 10 ba.

Abin da aka rubuta da abin da ake samu

Ko da fulogi ya dace, sai a tambayi ko wutar za ta isa. Yawancin masu saye babbar lambar da ke jikin kwali suke kallo, wat 500 ko 650. Amma kwamfutar zamani kusan duk nauyinta a kan layin bolt 12 yake, domin daga nan furosesa da katin hoto ke sha. Tsofaffin akwatuna na zamanin Pentium III kuwa an gina su ne da ƙarfi a layin bolt 5.

Lissafin ba shi da wuya. A takardar da ke manne a jikin akwati, ƙarƙashin 12V, akwai lamba mai harafin A, wato amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke gudana. Idan aka ninka bolt da amfiya sai a sami wat. Akwatin da aka rubuta wa wat 500 amma layinsa na 12V amfiya 18 ne, wat 216 kawai yake iya bai wa furosesa da katin hoto da fankoki. Nagartaccen akwati na zamani mai wat 500 yakan ba da kusan amfiya 40 a wannan layi. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai.

Sai a haɗa buƙatun kayan. Core i5-4570 an ƙiyasta ta a wat 84, Ryzen 5 5600 a wat 65. Core i9-13900K an rubuta mata 125, amma tana iya kai wa 253 idan aiki ya yi nauyi, abin da ke nuna cewa lambar farko ba ita ce iyaka ba. Katin GTX 1050 Ti wat 75 yake ci, ramin allo ya ishe shi, yayin da RTX 3060 ke cin 170 kuma yana buƙatar fuloginsa na daban. Akwatin siririyar OptiPlex 9020 wat 255 ne, na babbar kuma 290, an auna su ne daidai aikin ofis. Bayan an tara jimla, hikima ita ce a bar rata mai kauri, domin katin hoto yakan yi fizgar wuta ta ɗan lokaci fiye da abin da aka rubuta masa. Akwati mai wat da yawa ba ya tura wa allo wutar da ta fi ƙarfinsa, allon ne ke jan abin da yake buƙata. Ƙarancin shi ne matsala, kuma alamarsa ita ce kwamfuta ta mutu ko ta sake tashi da kanta daidai lokacin da aka ba ta aiki mai nauyi.

Wani lokaci ma rashin jan wuta ne ke kawo cikas. Furosesocin Intel na zubi na huɗu da suka fito a 2013 sun zo da yanayin barci mai zurfi, inda abin da suke ja ke sauka har amfiya 0.05. Wasu tsofaffin akwatuna ba sa iya daidaita kansu a wannan ƙarancin, sai su kashe kansu, kwamfutar ta ƙi farkawa.

Tambarin 80 Plus da ake gani a kwalaye, mai matakai daga Bronze zuwa Titanium, shaida ce ta rashin ɓarnar wuta, ba shaidar kariya ba ce. Duk da haka yana da amfani ga mai janareta ko inbata. Kwamfutar da ke buƙatar wat 300, a akwati mai ingancin kashi 80 cikin 100 za ta ja wat 375 daga bango, sauran 75 su tafi a zafi. A mai kashi 90 kuwa kusan 333 za ta ja.

Wutar gida

A bayan tsofaffin akwatuna da masu araha akwai ɗan jan makunni mai lamba 115 da 230. Na'urar da ta fito daga Amurka, inda wutar gida bolt 120 ce, tana iya isowa makunninta na kan 115. Idan aka jona ta haka a soket ɗin Najeriya, ƙara da hayaƙi ne za su biyo baya nan take. Sababbin akwatuna ba su da makunnin, an rubuta musu 100 zuwa 240V, kuma sun fi jure wutar da ke sauka ƙasa da yamma a unguwannin da taransifoma ta yi wa jama'a kaɗan.

Sai dai irin waɗannan sababbi wasunsu ba sa jituwa da UPS ko inbata mai araha, wadda wutarta ke fita da tsalle-tsalle maimakon lanƙwasa mai santsi irin ta kamfanin rarraba wuta. Da an ɗauke wuta, maimakon UPS ta riƙe kwamfutar, sai ta mutu. Haka kuma lambar VA da ke jikin UPS ba wat ba ce: mai 650VA yawanci ba ta kai wat 400 ba. Wanda ya ƙara wa kwamfutarsa ƙarfi sai ya duba ko tsohuwar UPS ɗinsa za ta iya ɗaukar sabon nauyin.

Wayoyi masu cirewa da adaftoci

Akwatuna masu tsada suna zuwa da wayoyin da ake cirewa a mayar. Bakin da ke shiga allo iri ɗaya ne a ko'ina, amma bakin da ke shiga jikin akwati babu wata ƙa'ida da ta tsara shi. Wayar Corsair tana iya shiga akwatin EVGA ko Seasonic lafiya lau ta aika bolt 12 inda ake jiran 5, kuma faifan ajiya ne ke fara tafiya da duk abin da ke cikinsa. Ko a kamfani ɗaya samfura suna bambanta. Wanda ya sauya akwati sai ya zare tsofaffin wayoyi gaba ɗaya, komai wahalar sake jera su.

Adaftar da ke ɗaukar wuta daga fulogin SATA ta kai wa katin hoto ita ma abin gudu ce. Fulogin SATA wat 54 ne iyakarsa a layin bolt 12, ramin katin hoto mai ƙafa shida kuwa yana iya neman 75, mai takwas 150. A manyan katunan zamani masu fulogin ƙafa 16, wanda ya zo da ƙa'idar ATX 3.0 a 2022 kuma yake ɗaukar har wat 600, an sami rahotannin narkewar fulogi a katin RTX 4090, inda rashin danna shi har ƙarshe ya kasance cikin manyan dalilai.

Me ya kashe tsohon allon?

Wannan tambaya ce da ya kamata a amsa kafin a kai hannu aljihu. Idan akwatin wuta ne ya kashe allon farko, zai kashe na biyu, kuma mai shago ba ya karɓar allon da ya ƙone.

Akwati yana tsufa ko da yana tashi. Kafasitocin da ke cikinsa suna bushewa, kuma a ƙiyasin injiniyoyi duk ƙarin zafi na digiri 10 yana rage tsawon rayuwarsu da rabi. Ƙurar hunturu da ke toshe fanka, da zafin bazara a ɗakin da ba iska, suna gaggauta hakan. Na'urar da ta yi shekaru a ofis a Turai kafin ta ƙara wasu a Kano ko Fatakwal ba ta da ƙarfin da takardarta ke faɗi.

Masu gyara suna da gwajin da suka saba: a cire akwatin daga komai, a haɗa koriyar waya da baƙa da guntun ƙarfe, a ga ko fanka za ta juya. A fulogi mai ƙafa 24 koriyar ita ce ƙafa ta 16, abin da ya kamata a sani tunda da yawa daga cikin akwatunan yanzu duk wayoyinsu baƙaƙe ne. Wannan gwaji na tsarin ATX ne kawai, ba a yin sa a fulogin Dell ko HP ko Lenovo sai da zanen wayoyinsu a hannu. Kuma abin da yake nunawa shi ne akwatin yana tashi, bai nuna yana da lafiya ba. Sai an sa mita an auna: layin bolt 12 ya kasance tsakanin 11.4 da 12.6, na bolt 5 tsakanin 4.75 da 5.25, kuma a sake aunawa yayin da kwamfuta ke aiki, domin akwati mai rauni yakan nuna lamba mai kyau idan babu nauyi a kansa.

Warin ƙuna, ko baƙin tabo a ƙafafun fulogi, ko fankar da ke ƙara ko ta tsaya, kowanne ya isa dalilin ajiye akwatin. Buɗe shi kuwa aikin ƙwararre ne, domin manyan kafasitocin da ke ɓangaren shigar wuta suna riƙe sama da bolt 300, kuma suna iya ci gaba da riƙe wuta bayan an zare fulogi daga bango.

Idan komai ya dace, ana fara kunnawar farko da kaya kaɗan: allo, furosesa da fankarta, RAM guda ɗaya, da fulogai biyu na wuta. Faifan da ke ɗauke da takardun ofis ko sakamakon ɗalibai shi ake jonawa a ƙarshe, bayan an ga hoto a fuskar kwamfuta, an kuma kwafe abin da ke cikinsa a wani wuri tun kafin a kwance noti na farko.